Tayar tsere ko tayar titi? Ku ba ni shawara kafin in zuba kuɗina

Mai Jar Golf: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na zo da matsala, don na san a nan akwai waɗanda suka fi ni sanin ƙarfe. Golf 7 GTI ce gare ni a nan Yamai, ta 2015, janti (ƙarfen da ake ɗora taya a kai) lamba 18, taya 225/40. Daren Juma'a ina dawowa daga wajen Talaje bayan ruwan nan da aka tafka, na faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Da safe na tarar tayar gaba ta dama ta yi ƙululu a gefe kamar ƙwan zabo. Sauran ukun ma sun kusa sanƙo, sai na ce gara in sake duka huɗu in huta.

Na zagaya gari. Wani mai taya ya fito mini da Michelin Pilot Sport Cup 2 guda huɗu, okaziyo daga Turai, ya ce jika 45 kowace. Wani kuma ya ce zai kawo mini Pilot Sport 5 sabuwa dal, amma kuɗinta ya ninka na wancan har da ɗori, kuma sai na jira sati uku, tunda kaya yanzu ta Lome suke zagayowa. Gaskiya raina yana kan Cup 2. Ita aka sa wa Golf GTI Clubsport S lokacin da ta zagaye filin tseren Nurburgring na Jamus a minti 7 da daƙiƙa 49 a 2016. Kuma yayana da ke Dakar ya ce akwai filin tsere a Sindia, ina da burin wata rana in kai motar can in ga iyakarta. Amma kullum da ita nake zuwa aiki Plateau, kuma duk wata biyu nakan je Tawa gaida tsohuwa. Me kuka gani?

Sarkin Kwana: Kai, har tambaya kake? Cup 2 a jika 45? Tashi ka je ka kwashe kafin wani ya riga ka. Ita ake sa wa Porsche GT3 tun daga kamfani.

Kawu Makaniki: Wa alaikumus salam. Ɗana, bar maganar suna tukuna. Koma wurin mai tayar nan da fitilar wayarka, ka duba gefen kowace taya inda aka rubuta DOT. A ƙarshen layin akwai lamba huɗu cikin wani ɗan zobe. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2321, an yi ta a sati na 23 na shekarar 2021. Ka duba duka huɗun, kada ka yarda ya nuna maka ɗaya ya ce sauran ma haka suke. Wani lokaci lambar tana gefe ɗaya kawai, sai ka juya tayar. Sannan ka danna farcenka a kan robar. Ruwa ba ya tsami banza: Bature ba ya rabuwa da taya irin wannan da sauran daɗinta.

Ɗan Ader: Ƙanena, kac ce kana zuwa Tawa? To ni wagga hanya nike ci da ita, shekara goma sha ina bisanta. Daga Yamai zuwa Tawa kilomita ɗari biyat da wani abu ne. Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, ka karya Tsarnawa, Badagishiri, kowane gari da tudun rage gudu nai, wani ma mutanen gari sunka yi shi da hannunsu, ba hwenti ba alama. Ga jakkai, ga amalanke, ga kamyo ya lalace an aza reshen itace bisa kwalta. In tayar Porsche taf hwashe maka tsakanin Dutsi da Ƙonni, wa za ya ba ka irinta? Mai hwaci dai dariya za ya yi maka.

Na Liyon: Salamu alaikum. Bari in sa baki, don ni nakan shiga filin tsere a nan Faransa sau uku ko huɗu a shekara, a ranakun da ake buɗe wa kowa ya biya ya shiga da motarsa. Na je Magny-Cours, na je ƙaramin filin Le Mans da ake kira Bugatti. Na ci tayar titi a can, na ci tayar tsere mai rabin sanƙo, wato mai ƙarancin zane, irin su Cup 2 da Toyo R888R.

Bambancin ba na suna ba ne, na aikin da aka yi kowace dominsa ne. A filin tsere, minti ashirin kana taka burki da ƙarfi, kana jefa mota cikin kwana, kana sake takawa. Tayar titi, ko mai tsada ce, zagaye uku ko huɗu za ta yi maka lafiya, daga nan ta ɗau zafin da ya fi ƙarfinta, ka ji motar tana sulɓi kamar an shafa wa kwalta man shanu, kafaɗar tayar ta fara ɓantarewa. Ita kuwa mai rabin sanƙo a nan take jin daɗi. Robarta sai ta kai wajen digiri 70 zuwa 100 take kama ƙasa yadda ya kamata. An rage mata zane don roba mai yawa ta taɓa ƙasa, an taurara gefenta don kada ta lanƙwashe a kwana.

To duk abin da ya sa ta yi kyau a can, shi ne aibinta a titi. Sabuwar tayar titi zurfin zanenta wajen milimita 7 zuwa 8 ne. Cup 2 sabuwa ba ta kai 6 ba. Wadda aka ci aka bari, Allah kaɗai ya san abin da ya rage. Zanen nan shi ne lambatun da ruwa ke bi ya fita daga ƙarƙashin taya. In babu shi, ka shiga ruwan da ya kwanta a kwalta da gudu, tayar sai ta hau kan ruwan, ka juya sitiyari ka ji ba komai a hannunka. Ya taɓa faruwa da ni a babbar hanya ina dawowa daga fili da R888R, ruwan ma ba wani mai yawa ba. Daƙiƙa biyu ne, amma salatin da na yi a ciki ya fi na sati. Tun daga ranar janti kashi biyu nake da su: na fili suna cikin garaji, in zan tafi in loda su a bayan mota in canza a can.

Kuma kai yanzu a watan Agusta kake, a Yamai.

Sarkin Kwana: Yaya na Liyon, da girmanka, amma ka daɗe ba ka zo gida ba. Ku can kuna fama da sanyi, shi ya sa kuke maganar sai taya ta ɗau zafi. Mu nan a watan Afrilu inuwa ma 44 take, kwalta kuwa in ka taka ba takalmi sai ka yi rawa. Taya tun tana tsaye ta riga ta dahu. Damina wata nawa ce? Uku, in ta yi yawa huɗu. Sauran wata takwas ƙasa a bushe take ƙayau. To don ruwan kwana nawa mutum zai haƙura da riƙo shekara guda? In an yi ruwa ya rage gudu mana.

Na Liyon: A maganar zafi ka yi gaskiya, ban musa ba. Matsalar da muke samu nan da safe, taya ta yi sanyi ta ƙi kamawa, ba za ta dame ku sosai ba. Amma bushewa daban, tsabta daban. Filin tsere sharewa ake yi. Kwaltar Yamai kuwa, bara da na zo, kowane shatale-tale da rairayinsa a gefe, kowace mahaɗa inda hanyar jar ƙasa ta haɗu da kwalta da tsakuwarta. Roba mai danƙo kwalta take kamawa. In akwai rairayi tsakaninta da kwalta, rairayin za ta kama, shi kuma ya gangara da kai. A nan Cup 2 da tayar Corolla duk ɗaya ne, sai ma dai ka shigo da gudun da ba za ka shigo da shi ba in da tayar Corolla ce a ƙafarka.

Sannan danƙon nan kwasar duwatsu yake yi yana watsa su a jikin mota, tas-tas-tas, har fentin gefen ƙofa ya yi zanzana. Kuma roba irin wannan duk lokacin da ta yi zafi ta huce, tana ƙara tauri kaɗan. Wadda ta sha fili a Turai, zane yana nan amma danƙon ya tafi. Shi ya sa muke sayar da su da arha ga masu tara kaya a kwantena. Ni kaina na taɓa sayarwa, Allah ya yafe mini, ban san inda suka ƙare ba.

Ɗan Harobanda: Ga inda suka ƙare, a hannun Mai Jar Golf. Shi kuwa Sarkin Kwana ku rabu da shi, Bagobiri ne, in ba a yi gardama ba abinci ba ya wuce masa. Filin tserensa ai mun sani: hanyar filin jirgi ce da ƙarfe ɗayan dare.

Sarkin Kwana: Bazabarme da babur ɗin aro yana sa baki a maganar manya. Ka gama biyan kuɗin kabu-kabun tukuna.

Mai Kula da Zaure: Wasan taubasai ba a hana ba, amma maganar tsere a titin gari kada ta sake shigowa nan, ko da wasa. Hanyar filin jirgi da gadoji ba filin kowa ba ne, akwai masu tsallakawa da ƙafa, akwai masu babur ba fitila. Duk wanda ya sa bidiyon irin wannan zan cire shi, na faɗa tun farko.

Malamin Lissafi: Ni abin da nake dubawa kuɗi ne. A gefen yawancin tayoyin nan akwai wata lamba da hukumar Amurka ta wajabta, an rubuta TREADWEAR. Tana nuna yadda taya ke jure ci idan an gwada ta da wata tayar ma'auni da aka ba 100. Pilot Sport 5 tana da 340, Pilot Sport 4S 300, Cup 2 ta asali 180, Bridgestone RE-71RS da Yokohama A052 200, Toyo R888R 100, Pirelli Trofeo R 60. Kamfani ne da kansa yake bayar da lambar, don haka ba a cika gwada ta wani kamfani da ta wani ba. Amma nan duka biyun na Michelin ne, 340 da 180. Ko da sababbi ne duka, ɗaya ta kusa ninka ɗaya a kwana. Balle wadda aka riga aka cinye rabinta. In ka raba kuɗin da kilomita, jika 45 ɗin nan ita ce mai tsadar.

Maman Biyu: Ku yi haƙuri in katse ku, ni ba ni da motar gudu, RAV4 ce ta kai yara lakwal. Amma maganar Kawu ta sa na fita da fitila na duba tawa. Biyun gaba 4119, biyun baya 0820. Kuma akwai wani zane kamar dutse mai kai uku da tauraro a ciki, da M+S. Wata shida ke nan da na saye su, mai tayar ya ce mini zanensu ya fi na kowa zurfi, kuma gaskiya ne, amma yanzu kamar ana lasarsu. Mene ne wannan?

Kawu Makaniki: Hajiya, ba tauraro ba ne, ƙanƙara ce. Tayar hunturun Turai aka sayar miki. An yi robarta da laushi don ta kama ƙasa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Yaushe rabon Yamai da digiri 7 da rana? Ki duba da kyau za ki ga ƙananan tsage-tsage birjik a kan zanen kamar an yi da reza. A zafinmu narkewa take yi, kuma in kin taka burki motar ba ta tsayawa inda ya kamata. Kwantenonin okaziyo cike suke da su, don a ido sun fi kowace kyau. Cikin gari a hankali za ki iya lallaɓawa kafin ki shirya, amma kada ki ɗauki yara ki hau hanyar Doso da su da tsakar rana.

Kun ga abu ɗaya ne da na ɗana mai Golf. Ita an ba ta tayar ƙanƙara, shi ana so a ba shi tayar fili.

Mai Jar Golf: Na dawo daga wurin mai tayar. Kawu, Allah ya ƙara girma. Biyu 1817 ne, ɗaya 3518, ta huɗun kuwa wurin lambar an goge shi da wani abu, ya yi sumul. Da na tambaya sai ya ce wai gogar kwantena ce. Na danna farce, kamar na danna tafin takalmin soja. Gefen zanen ya yi wani shuɗi-shuɗi, ga ƙananan dunƙulen roba manne a jiki kamar kashin awaki. Na sa hannu a ciki na shafa, na ji faci a ɗaya, kusa da kafaɗa. Ina juyawa zan tafi ya ce in kawo jika 30.

Na Liyon: Shuɗin nan alamar ta sha wuta ne, dunƙulen kuma robar wasu motoci ce da ta kwasa a fili. Ba ƙarya ya yi maka ba, tayar tsere ce ta gaske. Ta dai riga ta yi tserenta.

Kawu Makaniki: Ta 2017 ta haura shekara bakwai. Michelin da kansu cewa suka yi in taya ta kai shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ko da zanenta bai taɓu ba. Wasu kamfanonin mota ma shida suke cewa. Wannan kuma lissafin ƙasashen da rana ba ta gasa roba kamar tamu ne. Wadda aka goge wa lamba kuwa, wanda ya goge ya san abin da ya gani. Faci kusa da kafaɗa ko a gefe ba faci ba ne, wurin yana lanƙwasa duk juyi ɗaya.

Yanzu ga tawa shawarar, kuma na san ba za ta yi maka daɗi ba. Ka sauka daga janti 18 zuwa 17.

Mai Jar Golf: Haba Kawu! Jantin nan su ne kyan motar. In na sa 17 ai ta koma kamar taksi.

Kawu Makaniki: Malamin Lissafi, yi masa lissafin, ni da ido na san abin.

Malamin Lissafi: Lamba ta biyu kaso ce cikin ɗari na faɗin tayar. 225/40 tsayin gefenta kashi 40 na milimita 225, wato 90. 225/45 kuwa 101. Ƙarin milimita 11 na roba da iska tsakanin bakin rami da jantinka. Tsayin ƙafar gaba ɗaya kuma kusan ɗaya ne: 637 da janti 18, 634 da janti 17. Bambancin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, agogon gudu ba zai ma sani ba.

Kawu Makaniki: To ka ji. Kuma ba ƙirƙira na yi ba, GTI da yawa da 225/45 R17 suka fito daga kamfani. Ƙululun da ka gani, bakin rami ne ya matse gefen tayar da janti har zaren ciki ya tsinke. Milimita 11 ba za ta hana kowane rami ba, amma jantin da nake miƙewa a garejina, in na ƙirga, masu siririyar taya sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ka nemi mai XL a jiki, wato mai ɗaukar ƙarin nauyi, lambar nauyinta 94 maimakon 91. 91 kilo 615 take ɗauka, 94 kilo 670, kuma ta fi jure iska. In za ka Tawa ai ba kai kaɗai kake tafiya ba, da buhun shinkafar tsohuwa da ƙannenka. Harafin da ke bayan lambar na gudu ne: V 240, W 270, Y 300. Kada ka sauka ƙasa da abin da littafin motar ya ce, ba don za ka yi gudun ba, don wadda aka yi wa babban harafi ta fi jure zafi. In ka samo jantin a Feray, kasuwar tsofaffin kayan mota, ka tabbata rami biyar ne irin na Volkswagen, 5x112, a ɗora a gwada ya wuce kan burki, a juya shi a inji a ga bai karkace ba kafin ka biya.

Ɗan Ader: Nan kam Kawu ya hwaɗi gaskiya. 17 ko Ƙonni kana iya samun wadda za ta kai ka gida. Sai dai ni abin da nika yi in zahi ya yi zahi, in na kai Doso sai in sa a rage mini iska kaɗan, don na ga tana hawa. Haka munka gada wurin iyayen gidanmu, kada taya ta hwashe.

Kawu Makaniki: Alhaji, wannan gadon a mayar wa masu shi. Shi ne ke fasa muku taya. Iska tana hawa in taya ta yi zafi, gaskiya ne, wajen kilo 0.1 na ma'aunin iska a kowane digiri 10, kuma masu yin tayar sun san da haka, sun bar mata wuri. In ka rage a Doso tana da zafi, ka mayar da ita ƙasa da ƙa'ida ke nan. Taya mai ƙarancin iska gefenta yana ta lanƙwasa yana miƙewa, kamar yadda kake lanƙwasa waya kana so ta tsinke. Nan zafin gaske yake fitowa, daga ciki, har roba ta rabu da ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Ɓawon tayar da kake gani zube a gefen hanya, yawanci ko ƙarancin iska ne ko lodi ya wuce kima. A auna da sassafe kafin mota ta motsa, a bi takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, akwai lambar mota wayam da ta mota cike da kaya. Daga nan kada a sake taɓawa sai gobe da safe.

Ɗan Ader: To ai na Liyon ya ce su suna ragewa cikin hili. Ko ban ji daidai ba?

Na Liyon: Ban faɗa ba tukuna, Alhaji, amma gaskiya ne muna ragewa. Sai dai mu a minti goma iska kan hau da rabin kilo, abin da tafiyar Tawa ba za ta yi ba, kuma da ma'auni a hannu muke yi, muna neman wata lamba tana da zafi. Kafin mu hau hanyar gida kuma sai mun mayar da iskar. Wanda ya manta, shi ne ake tararwa a gefen hanya. Kai bi maganar Kawu. Kuma ka sayi ma'auninka, na masu faci da yawa allurarsu ta gaji.

Ɗan Ader: Na ji. Zan gwada wannan tahiya in gani, in ta hwashe Kawu ab biya.

Mai Jar Golf: To maganar Sindia fa? Ke nan in haƙura?

Na Liyon: A'a. Filin yana nan, Dakar Baobabs, tsawonsa ya kai kilomita 4 da wani abu, a hanyar Mbur. Amma in Allah ya kai ka, ranarka ta farko da tayar titi ya kamata ka shiga. Ita tana gargaɗi: kafin ta saki sai ta yi ta ƙara, ka ji motar tana zamewa a hankali, ka koyi inda iyaka take. Mai rabin sanƙo shiru take yi tana riƙe da kai, tana rufa maka asirin kurakuranka, ranar da za ta saki kuma kana kan gudun da hannunka bai iya gyarawa ba. Kuma sabon shiga ba taya ce ke fara ba shi kunya ba, burki ne. Ka sake ruwan burki kafin ka shiga, ka sa takalmin burki mai jure zafi. In abin ya shige ka har ka ga za ka riƙa komawa, ga jantinka 18 a ajiye, sai ka sa musu tayar fili sabuwa a bar su wurin yayanka. Su ma kada a jibge su a rana.

Ɗan Harobanda: Ni tambayata, ta wace hanya Golf ɗin za ta bi ta kai Dakar a wannan zamani? Gara ka hau jirgi ka ari motar yaya.

Kawu Makaniki: Da can ai tseren ne yake zuwa ya same mu har gida. Paris-Dakar ta sha ratsa Agadas da Tenere. A 2000 ina da ƙuruciyata, nan Yamai aka tsayar da tseren saboda barazanar tsaro, aka kawo manyan jiragen Antonov suka yi ta kwasar motoci zuwa Libiya. Mun je mun yi ta leƙen motocin. Abin da ya tsaya mini a rai, tayoyinsu: gefe dogo, roba mai kauri, ba mai siririyar taya ko ɗaya. Yanzu tun 2020 a Saudiyya ake yi.

Sarkin Kwana: Duk kun taru kun kashe wa yaro gwiwa. Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana: wanda bai taɓa jin yadda Cup 2 ke riƙe kwana ba, bai san abin da ake nufi da riƙo ba. Amma wadda aka goge wa lamba kam, ko ni ba zan saya ba. Mai Golf, in ba ka son jiran sati uku, tambayi Continental SportContact 7 ko Goodyear Eagle F1 Asymmetric 6 ko Bridgestone Potenza Sport, duk ajin tayar titi ne masu ƙarfi. Wadda ka samu sabuwa a girman da kake so, da lambar shekarar nan ko ta bara, ɗauka.

Mai Jar Golf: Na gode muku duka. Jiya na samu janti 17 guda huɗu na Volkswagen, an juya su a inji, ɗaya ya ɗan karkace an canza mini. Na ba da rabin kuɗin Pilot Sport 5, 225/45 R17 94Y, da sharaɗin sai na ga lambar DOT da idona kafin in cika. Kafin su iso na cire mai ƙululun, na sa wata ta aro, ba na wuce Plateau da gida. Tsohuwa na kira ta na ce sai wata mai kamawa. Jantin 18 na wanke su na sa a ɗaki ƙarƙashin gado, madam tana ta faɗa.

Kawu Makaniki: In sun iso a ɗora da inji, kada a sa ƙarfe a ɓamɓare maka bakin janti. Akwai gefen da aka rubuta OUTSIDE, shi ke kallon waje. A yi ekilibraji, wato daidaita nauyin taya, a yi paralelizim, wato saita ƙafafun mota, tunda ramin da ya fasa taya ba zai bar ƙafar a miƙe ba.

Maman Biyu: Kawu, na sake fita na duba tayar sukur da ke rataye a bayan motar. 3111. Ba a taɓa sa ta ba, zanenta sabo fil, sai dai gefen ya yi tsage-tsage kamar ƙasan tafki a watan Mayu. Ita ma?

Kawu Makaniki: Hajiya, wannan ki ba maigadi ya cika ta da ƙasa ya shuka miki na'ana'a.